GONAR INABI DA GONAR GADO: ABIN DA ƘASA KE ZUBA WA AMFANI

Jawabin da aka gabatar a taron manoma na ikilisiyoyin yankin Lakwaya, gab da faɗuwar damina

  

Sa'ad da kwamiti ya ce in yi magana a kan gona, na gaya musu cewa zan fara da zancen jan ruwan inabi na ƙasar Faransa. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Fasto, lafiya dai ko?" Saboda haka bari in kwantar wa kowa hankali tun da wuri. Ban zo in koya wa kowa dafa giya ba. Mu da muka fito daga gidajen Maguzawa mun fi kowa sanin abin da burkutu ya yi wa rumbunan kakanninmu, mun kuma san gargaɗin da ke cikin Karin Magana 23 da Afisawa 5:18. Matsayin ikilisiyarmu bai canja ba, ko a teburin Jibin Ubangiji abin da ba ya sa maye muke sha. Abin da nake so mu duba shi ne yadda waɗannan manoma suke riƙe da ƙasarsu, domin sun gane wani abu game da gona wanda iyayenmu suka sani, mu kuwa muna gab da mantawa.

ABIN DA YA JAWO MAGANAR

Wani yaronmu da ke aiki a babban otal a Abuja ya zo gida lokacin Kirsimati, ya ba ni labarin da ya ba ni mamaki. Ya ce manyan baƙi idan za su sayi ruwan inabi, sunan gonar da aka noma inabin suke kira. Kwalba biyu, iri ɗaya aka shuka, gari ɗaya, shekara ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar sau goma ko fiye, don kawai wannan gona tana tsakiyar gangare, waccan kuwa tana ƙasa kusa da hanya. Ya kuma ce a jikin waɗansu kwalabe akwai alamar cewa an yi noman ne ta wata hanya da ake kira bayodainamik, har ya ji an ce masu yin ta suna binne ƙahon saniya a gona. Sai ya tambaye ni, "Baba, wannan ba shi ne abin da kakanninmu suka bari ba?"

Tambayar ta zauna mini a rai, na shiga karatu a kanta. Abin da na samu shi nake so in kawo gabanku yau.

LITTAFI MAI TSARKI YA SAN WURI

Kafin mu je Faransa, mu lura cewa Maganar Allah kanta tana kiran ruwan inabi da sunan wurinsa. Annabi Ezekiyel, a sura 27, ya ambaci ruwan inabin Helbon a cikin hajar da Dimashƙu take kaiwa kasuwar Taya. Yusha'u 14 ya yi zancen na Lebanon, Ishaya 16 kuma ya yi makoki domin kurangar Sibma. A Ishaya 5, kafin a faɗa mana irin da mai gona ya dasa, sai da aka fara faɗa mana inda gonar take, wato a kan tudu mai dausayi. Daga nan aka ce ya kafce ta, ya tsince duwatsu, sa'an nan ya dasa. Wuri ne farko, gyaran ƙasa na biye, iri ya zo na uku.

Mu ma ai mun san wannan. Mai saye a kasuwa yana tambayar raken Maƙarfi, albasar Aliero, cittar Kaciya da shinkafar Kura. Ka ɗauki irin albasar nan ka kai ta wata ƙasa, za ta yi, amma ba za ta zama ita ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka zaƙi ma ba ya zuwa banza.

GONA ƊAYA, ƊANƊANO DABAM-DABAM

A gabashin Faransa akwai wani yanki da ake kira Burgundi, ba Burundi ta Afirka ba. Jan ruwan inabinsu kusan duka daga iri guda ake yin sa, mai suna Pinot Noir. Gonakin suna jere a jikin wani dogon gangare mai fuskantar gabas, inda hantsi ke fara sauka, ƙarƙashinsu kuwa dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda ake yin siminti da shi a Sakkwato, gauraye da laka.

Waɗanda suka yi suna wajen lura da wannan ƙasa masu bi ne, wato 'yan zuhudu na gidan Cîteaux wanda aka kafa a shekara ta 1098. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma wuri ɗaya, suna lura da abin da kowane yanki ke bayarwa. Wata gonarsu mai suna Clos de Vougeot, wadda suka kewaye da katangar dutse, ta kai kimanin hekta 50, tana nan har yau a hannun mutane wajen 80. A cikin katangar nan guda, ƙasar sama siririya ce mai tsakuwa, ruwa ba ya kwana a cikinta. Ta ƙasa kuwa laka ce mai zurfi, tana riƙe ruwa. Masana wurin sun daɗe da sanin cewa inabin sama ya fi na ƙasa. Yankin nan an yanka shi gida-gida har 1,247, kowanne da sunansa da iyakarsa, kuma a shekara ta 2015 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya. Faransawa suna da kalma guda, teruwa, wadda take nufin ƙasa da gangare da rana da iska da hannun manomi, duka a haɗe.

Mafi suna a cikin gonakin ita ce Romanée-Conti. Girmanta bai kai hekta 2 ba, wato wajen eka huɗu da rabi, akwai gicciyen dutse a bakinta. A shekara ta 2018 an yi gwanjon kwalba ɗaya tak ta amfanin 1945 a birnin New York a kan dala 558,000. Ban kawo wannan don in yabi almubazzaranci ba, gama kuɗin nan zai gina majami'u da rijiyoyi masu yawa. Na kawo shi don ku ga cewa akwai inda eka huɗu da rabi, wadda waɗansunmu a nan suke da fiye da ita, aka riƙe ta da daraja har duniya ta san sunanta.

YADDA ƘASA TAKE AIKINTA

To, ta yaya ƙasa ke shiga cikin ɗanɗano? Waɗansu masu talla sukan ce wai ana jin ɗanɗanon dutsen a baki. Masu binciken ƙasa sun ce ba haka ba ne, saiwa ba ta shan dutse. Babban aikin ƙasa a nan shi ne yadda take ba kuranga ruwa da abinci.

Ruwan da ke cikin yawancin baƙin inabi fari ne. Launin ja, da baurin nan irin na goro, da yawancin ƙanshi, a fatar 'ya'yan suke, shi ya sa ake barin fatar a cikin ruwan bayan an matse. Idan ƙasa ta cika taki da ruwa, kuranga takan yi ta ganye da rassa, ganyen ya rufe nonon inabin daga rana, 'ya'yan su yi manya, ruwa ya yi yawa, fata ta yi kaɗan, abin ya fito salam. Amma idan ƙasa tana tsane ruwa, ta ba kuranga abin da zai ishe ta ba tare da ƙari ba, sai saiwa ta nutsa neman laima, kuranga ta daina tsawo a kan lokaci, ta mai da ƙarfinta ga 'ya'ya. 'Ya'yan sukan fito ƙanana, masu launi da ƙanshi. Idan kuma ƙishin ya wuce kima, 'ya'yan su tsaya ba su nuna ba. Shi ya sa tsakiyar gangare ta fi: can ƙoli ƙasa ta yi siranta, gindi ruwa ya yi yawa. Tsakuwa takan riƙe zafin rana ta sake shi da dare, sanyin dare kuma yakan sa 'ya'yan su riƙe ɗan tsaminsu.

Duk wanda ya taɓa zuba wa gyaɗa ko wake taki fiye da kima ya san wannan magana. Harawa za ka samu, ba ƙwaya ba. Mai dankali ma ya san cewa na jigawa da na laka ba ɗaya ba ne a baki.

Inabi kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa yanzu. A ƙaramar hukumar Kudan, kusa da Zariya, manoma suna noman inabin ci, ana kai shi kasuwanni. Su ma abin da suke fara nema shi ne wurin da ruwa ba ya kwanciya, da kuma inda za su samu ruwan ban-ruwa da rani.

NOMAN DA AKE BINNE ƘAHO

Yanzu mu zo kan tambayar yaron nan. Bayan yaƙin duniya na biyu, manoman inabi na Turai sun rungumi takin zamani da maganin ciyawa da na ƙwari da manyan injuna. Amfani ya ƙaru, amma ƙasa ta soma mutuwa. An ruwaito cewa a ƙarshen shekarun 1980 wani masanin halittun ƙasa, Claude Bourguignon, ya gargaɗi manoman Burgundi cewa rai da ke cikin waɗansu gonakinsu bai kai wanda ke cikin rairayin Sahara ba. Waɗansu manya a cikinsu suka tsorata, gama idan ƙasa ta mutu, bambancin da ke tsakanin gona da gona ya tafi, sunan da suke ci da shi kuma ya tafi. Sai suka koma ga noman bayodainamik. Gidan Leroy ya soma a 1988, masu Romanée-Conti ma daga baya suka mai da dukan gonakinsu kan wannan hanya.

Wanda ya kafa hanyar wani mutumin Ostiriya ne, Rudolf Steiner, wanda ya yi wa manoma lacca takwas a watan Yuni na 1924 a wani ƙauye mai suna Koberwitz, wanda yanzu yake cikin ƙasar Poland. Koyarwarsa kashi biyu ce.

Kashi na farko ya ce a ɗauki gona kamar jiki guda mai rai, wanda zai ciyar da kansa. A ajiye dabbobi, kashinsu ya koma gona. A tara ganye da tattaka a ruɓar da su su zama taki. Kada a bar ƙasa tsirara, a shuka ciyawa ko dangin wake a tsakanin layuka. A bar itatuwa da shinge. Kada a sa takin zamani ko maganin ciyawa. Waɗansu ma sun koma huɗa da doki don kada nauyin tarakta ya danne ƙasa.

Kashi na biyu shi ne mai ƙaho. Ana cika ƙahon saniya da kashin shanu, a binne shi da kaka, a tono shi bayan sanyi ya wuce. A ɗebi abin da bai wuce cikin tafin hannu ba a zuba a ruwa, a yi ta juyawa sa'a guda cur, dama da hagu, sa'an nan a yayyafa wa gona. Wani ƙahon garin farin dutse ake zuba masa. Akwai furen da ake cusawa a hanjin saniya, da ɓawon itacen da ake sawa a ƙoƙon kan dabba. Ana kuma bin kalandar wata da taurari wajen shuka da aski da girbi. Steiner ya koyar cewa ƙaho yana tara wani iko daga sararin sama, kuma ya ce ta wurin gani na ruhu ya san waɗannan abubuwa. Ya kuma gaskata cewa mutum yana mutuwa ya sake dawowa duniya sau da yawa, abin da Ibraniyawa 9:27 ya ƙaryata.

Na ga waɗansu dattawa suna kaɗa kai. Hakika kun tuna da wani abu. Kakanninmu ma sukan yanka zakara ko akuya kafin shuka, su roƙi Uwar Gona, su binne magani a kusurwar gona. Ba na faɗin wannan don raini, iyayenmu ne, sun yi iyakar saninsu cikin tsoron yunwa. Amma mun san irin kuɗin da waɗansu a cikin wannan ɗaki suka biya ran da suka ƙi wannan yanka saboda Almasihu.

WANNE ZA MU ƊAUKA?

Manzo Bulus ya umarci Tasalonikawa su gwada kowane abu su riƙe mai kyau. Masu bincike ma sun gwada. A ƙasar Suwizalan an soma wani gwaji tun 1978, inda ake noma filaye kusa da juna ta hanyoyi dabam-dabam. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna cewa filayen da ba a sa musu takin zamani ba amfaninsu ya ragu da wajen kashi 20 cikin 100, amma abin da aka kashe na taki da makamashi ya ragu sosai, ƙasarsu kuma ta fi tana da sauran ƙananan halittu, ta fi haɗa jiki. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuma an gwada a gonar inabi: gefe biyu duka ba takin zamani, amma gefe ɗaya ne aka yi wa yayyafin ƙaho. Rahoton 2005 ya ce ba a ga bambanci a lafiyar ƙasar ba.

Abin da na fahimta shi ne, albarkar tana cikin taki da dabbobi da itatuwa da idon manomi. Wanda yake juya ruwa sa'a guda yana zaga gonarsa layi-layi, dole ya ga cuta tun tana ƙarama. Da yawa daga cikin manoman nan ma ba mabiyan koyarwar Steiner ba ne, sun ga ƙasarsu ta farfaɗo ne suka ci gaba. Saboda haka amsata ga yaronmu ita ce: kashi na farko hikima ce ta Allah wadda ya shimfiɗa a cikin halitta, kowa yana iya ɗauka. Kashi na biyu ba mu da bukatarsa. Farawa 1:14 ya nuna cewa an yi rana da wata da taurari domin su nuna lokatai, don haka ba laifi manomi ya dubi Kaza da 'Ya'yanta ya san inda shekara ta kai. Amma Maimaitawar Shari'a 4 da 18 sun hana mu neman iko ko sa'a daga gare su. Ko Bature ne ya kawo ƙahon, ko boka, amsarmu ɗaya ce.

NAMU GONAKIN

'Yan'uwa, sai in yi muku furci. Mahaifina ya bar mini gona mai gawo huɗu a cikinta. Da na gama makarantar tauhidi na dawo, ina ganin na waye, na sa aka sare uku don garmar shanu ta wuce sosai, na sayar da awakin gida, na dogara ga buhu. Shekarun farko masara ta yi kyau har ana tsayawa kallo. Bayan kamar shekara goma, buhu biyu ba ya yin aikin da ɗaya yake yi a dā. Ƙasar ta yi fari, ta yi tauri, ruwa yana gudu a kanta, ƙuduji ya mamaye dawa. Wurin da ya rage da ƙarfi shi ne ƙarƙashin gawo ɗayan da na bari. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta ce mini, "Ka yi ta tatsar saniya, ba ka ba ta dusa." Ba ni da amsa.

Abin da ya same ni an riga an gan shi a Samaru ta Zariya, inda aka soma wani gwaji tun 1950 ana kwatanta kashin shanu da takin zamani a fili ɗaya shekara da shekaru. An ga cewa takin zamani shi kaɗai yakan sa ƙasa ta yi tsami, ruɓaɓɓen abin da ke riƙe ta ya ragu, amma inda aka haɗa shi da kashin shanu ƙasa ta riƙe ƙarfinta. Don haka ban ce ku zubar da buhu ba. Ƙasarmu ba ta Faransa ba ce. Kurangar inabi tana son a ɗan rage mata abinci, amma gero da dawa da masara a jigawarmu yunwa suke ji, kuma mai iyali goma ba zai iya rasa kashi ɗaya cikin biyar na amfaninsa ba. Abin da nake cewa shi ne buhu ya zama ƙari a kan takin gida. Wanda ya dogara ga buhu kaɗai ya ji jiki sa'ad da farashin taki ya tashi a 2022, da kuma bayan cire tallafin man fetur a 2023.

Iyayenmu sun san ƙasarsu kamar yadda 'yan zuhudun nan suka san tasu. Sun bambanta jigawa da fadama, jangargari da dabaro, fako da marmara, sun san abin da kowace take so. Da rani jakuna suna ta kai taki da toka a mangala. Ana shirya da Fulani su zauna a gona bayan girbi. Ana gicci, gero da wake da gyaɗa a gona ɗaya. Ana barin gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da rani ya ciyar da dabbobi. Masana irin su Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, sun yi rubutu a kan yadda manoman kewayen Kano suka daɗe suna noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba, ta wurin waɗannan dabaru. A Maradi kuma, daga 1983, wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya ƙarfafa manoma su riƙa barin tohon kututture idan suna sassabe, su zaɓi rassa masu ƙarfi su rene su. Wannan sassaben zamani ya mai da itatuwa a miliyoyin hekta a Jamhuriyar Nijar, ba tare da an dasa ba.

A Luka 13, sa'ad da mai gonar inabi ya so ya sare ɓauren da ba ya 'ya'ya, mai lura da gonar ya roƙi a ba shi shekara guda ya yi masa kaftu ya zuba taki. Ubangiji kansa ya san darajar taki. A Littafin Firistoci 25 kuma Allah ya ba ƙasa hutunta a shekara ta bakwai, har da gonar inabi. Mu da gonakinmu suka ƙanƙance ba mu iya barin saura kamar dā, amma muna iya hutar da ƙasa ta wurin juya shuka da mayar mata da abin da muka ɗiba.

GONAR NABOT

Akwai abu na ƙarshe, shi ne ya fi damuna. Ba wanda zai san gona cikin shekara biyu. Mutanen Burgundi sun san tasu domin sun zauna a kanta tsara bayan tsara. A 1 Sarakuna 21, sarki Ahab ya yi wa Nabot tayin gona mafi kyau ko kuɗi a bakin gonar inabinsa. Ciniki ne mai kyau a idon ɗan kasuwa, amma Nabot ya ƙi, domin gādon kakanninsa ne, ya kuma san cewa bisa ga Shari'a ƙasa ta Allah ce, mutum baƙo ne a kanta.

Yau ba sarki ne yake karɓe yawancin gonakinmu ba, mu ne muke kai su da hannunmu. Ƙasa ta gaji, matashi ya ga ba riba, ya sayar da rabonsa ya sayi babur, ya tafi birni. Bayan shekara uku babur ya mutu, gona kuwa ba ta dawowa. Wani ya jinginar don biki, wani don asibiti, wannan kam ba na ganin laifinsa, laifinmu ne da ba mu taimake shi ba. Ku tuna mu kaɗan ne a wannan yanki. Majami'armu, makabartarmu da makarantar 'ya'yanmu duk a kan ƙasa suke tsaye. Ikilisiyar ƙauye da membobinta suka rasa gona, kujerunta sukan zama wofi ba tare da kowa ya tsananta mata ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mu Hausawa ne, a nan aka binne cibiyarmu, a nan kuma Allah ya dasa mu. A Yahaya 15 Yesu ya kira kansa kurangar gaskiya, mu rassa. Maƙwabtanmu Musulmi da danginmu da ba su riga sun ba da gaskiya ba, da yawansu ba za su shiga majami'a ba, amma suna wucewa ta gonakinmu kowace safiya. Suna ganin wanda ya ci iyaka da wanda ya tsare ta, wanda ya cika mudu da wanda ya rage. A nan suke ɗanɗana 'ya'yanmu.

ABIN DA NAKE ROƘO

Na ɗaya, kowane magidanci ya haƙa ramin taki a bayan gida kafin ruwa ya sauka. Shara, toka, kashin awaki da na kaji, da ragowar harawa su shiga ciki, a tsince leda, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa.

Na biyu, a daina ƙone karan gona, wanda dabbobi ba su ci ba a bar wa ƙasa. A wajen sassaben bana kowa ya bar tohon gawo, marke ko kalgo a gonarsa, ya rene shi.

Na uku, inda ƙuduji ya yi yawa a cire shi kafin ya yi fure, a sa gyaɗa, wake ko waken soya a wurin bana.

Na huɗu, matasa su zauna da tsofaffi su rubuta sunan kowace gona ta gidansu, iyakarta, irin ƙasarta da abin da ta fi so, a kuma rubuta shaidu. Wannan zai rage shari'a a gaba.

Na biyar, ina roƙon dattawan kowace ikilisiya su yi shawara a kan asusun taimako, domin wanda ciwo ko rashi ya matsa ya zo wurin 'yan'uwa kafin ya je wurin mai saye.

Ni ma na soma. Gawo uku da na sare, biyu sun yi toho daga kututture, na kewaye su da ƙaya. Mai yiwuwa ba zan zauna a inuwarsu ba, amma jikokina za su zauna, in Ubangiji ya yarda.

Bari mu miƙe mu yi addu'a.

Ya Uba, mai ƙasa da dukan abin da ke cikinta, mun gode maka domin gonakin da ka danƙa a hannunmu. Ka gafarta mana inda muka ɗiba ba mu mayar ba. Ka ba mu ruwa a kan kari, ka tsare mu daga fari da ambaliya da ƙwari, ka ba yankinmu zaman lafiya, mu da maƙwabtanmu. Ka tsare zukatanmu daga dogara ga wani iko in ba naka ba. Ka riƙe 'ya'yanmu a cikin bangaskiya da kuma gādon iyayensu. Mun roƙa a cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.